Katangun da Babu Gidaje a Bayansu

Duk wanda ya saba ƙetare kogin Kaduna ta gadar da ke bayan Unguwar Rimi, ya miƙe a hanyar Yakowa ko ya ratsa cikin Millennium City, ya san irin katangun da nake nufi. Doguwar katanga ce ta bulo da ƙofar ƙarfe wadda fentinta ya fara ɓarewa, sai wani babban allo a gefe mai ɗauke da zanen gidaje masu jan kwano, da shuke-shuke, da yara a kan kekuna, da lambar wayar da za a kira idan ana son sayen gida. Rana da ruwan sama sun cinye launin allon. A daminar da ta wuce na tsaya a ƙofar ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare, na leƙa ta kafar get, na ga layi uku na gine-gine da suka kai linta suka tsaya, rodin da ke kan ginshiƙai ya yi ja da tsatsa, bulon ya yi baƙi, ciyawa kuma ta kai ƙugu a inda aka ce nan ne falo. Maigadin, wani dattijo, ya shuka masara da kuɓewa a sararin da aka ware wa titi. Bayan mun gaisa na ce masa, "Baba, yaushe rabon magina da wurin nan?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, rabona da ganin tifar yashi ta shigo nan tun buhun siminti bai kai dubu biyar ba."

Abin da ya kai ni wurin shi ne ƙanwata. Malamar firamare ce, mijinta kuma ma'aikacin lafiya, sun shafe shekara uku suna zuba kuɗin adashe da na ƙungiyar gama-kai ta wurin aiki ga kamfanin da ke da filin, bisa alkawarin za a miƙa musu makullin gida mai ɗaki biyu da falo. Har yau suna haya, kuma mai gidan ya ƙara musu kuɗi sau biyu a tsakanin nan. Guminsu yana cikin wannan baƙin bulo, ba su da ikon cire shi, ba su da ikon kwana a cikinsa. Tun daga ranar nake juya lamarin a zuciyata, kuma abin da na tsaya a kai shi ne, a Kadunar yau ajiye fili ya fi gina shi riba, kuma muddin haka lissafin yake katangu za su ci gaba da yawaita alhali jama'a na cunkushe a Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Badarawa da Rigasa, inda za ka tarar da magidanci da matarsa da 'ya'ya biyar a ɗaki ciki da falo. Gwamnatoci kuma, ɗaya bayan ɗaya, sun ɗora begensu a kan babban mai zuba jari, sun bar mutumin da ya gina mafi yawan garin nan, wato mai ƙaramin ƙarfi da ke ɗora bulo a kan bulo da abin da ya rage masa a ƙarshen wata.

Adalci ne a fara da cewa ba duk mai kamfanin gine-ginen da aikinsa ya tsaya ne macuci ba. A farkon 2023 buhun siminti bai kai naira dubu biyar ba, amma zuwa watan Fabrairun 2024 ya haura dubu goma a wurare da dama. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin dakon yashi da tsakuwa da bulo, sannan sakin naira da aka yi a watan Yuni ya kai dala daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a cikin 2024, abin da ya taɓa rodi da kwano da tayil da wayar lantarki da kayan famfo. A watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuwa abin da suke ɗora wa mai cin bashi ya fi haka, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 a watan Disambar wannan shekara. Mutumin da ya sayar da gida tun yana kan takarda a farashin 2022 ya wayi gari kowane gida da zai kammala asara ce a wuyansa. Ko dai ya koma wa masu saye ya nemi ƙari alhali ba su da shi, ko ya kammala ya karye, ko kuwa ya rufe get ya ajiye maigadi ya jira. Mafi yawa na ƙarshen suke zaɓa, domin a duk watan da suka jira, filin da ke ƙarƙashin kangon ƙara tsada yake yi.

A nan gizo ke saƙar. Idan kuɗi na narkewa a hannu, mai hali yakan nemi inda zai adana dukiyarsa, kuma a ƙasar nan babu ma'ajiyar da ta kai fili. Ba a ba shi dusa, ba ya ciwo, ba ya ruɓewa, ɓarayin daji ba sa kora shi kamar yadda suke kora shanu. Gidan haya kuwa sai an kashe miliyoyi kafin a gina, sai an yi fama da ɗan haya, sai an yi gyara duk shekara, abin da ke shigowa kuma bai kai ƙarin da filin zai yi yana zaune ba. Shi ya sa idan ka zauna a rumfar dillalan filaye, kalmar da za ka fi ji ita ce "saya ka ajiye, Alhaji." Fuloti ɗaya yakan canza hannu sau uku ko huɗu ba a haƙa ko ramin fandisho ba, kowane hannu kuma yana ɗora nasa ƙarin da la'adar dillali, har farashin ya wuce inda malamin makaranta zai iya miƙa hannu.

Abin da ya fi damuna a cikin wannan ciniki shi ne asalin ribar. Mai fili bai yi komai ba filinsa ya ninka. Titin da aka shimfiɗa a gabansa da gadar da aka gina ne suka ninka shi. A 2019 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ƙaddamar da shirin sabunta birni, aka faɗaɗa tituna, aka buɗe sababbi, aka sake gina gadar Kawo wadda Shugaba Buhari ya buɗe a watan Janairun 2022, kuma duk mai gaskiya ya san fuskar garin ta canza. To amma ayyukan ba kyauta suka zo ba. A watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya shaida wa jama'a cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85. Wannan bashi kowa ke biyansa, har da mai sayar da ƙosai a Kurmin Mashi da ɗan acaɓan da bai mallaki ko taku ɗaya na ƙasa ba, amma ƙarin darajar da titunan suka jawo wa filaye yana tafiya ne aljihun wanda ya killace ya ajiye. Jama'a sun biya kuɗin titi domin a samu gidaje da shaguna da makarantu a gefensa, abin da suke gani kuwa katanga ce.

Idan aka dubi inda hankalin masu kamfanonin gine-gine yake karkata a biranen ƙasar nan, za a ƙara fahimtar halin da Kaduna take ciki. A Legas suna bin mai dala ne da ɗan ƙasar da ke zaune a Ingila ko Amurka, shi ya sa gini ba ya tsayawa a yankin Lekki. A Abuja suna bin mai manyan kuɗi da ke neman inda zai binne su, shi ya sa ake ganin manyan gidaje a rufe a Maitama da Asokoro da Guzape, ma'aikatan da ke riƙe da birnin kuma suna kwana a Mararaba da Nyanya da Suleja. Ko can ɗin ma kangaye ba su ƙare ba: an ƙaddamar da Centenary City a 2014 da alkawura masu yawa, aka yi shekaru wurin na daji, sannan a watan Disambar 2024 kotu ta mallaka wa gwamnatin tarayya rukunin gidaje 753 da ba a kammala ba a Lokogoma. A Kano kuɗin 'yan kasuwa ya fi son shago da filaza, domin shago ya fi gida saurin mayar da jari, biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo kuwa, da aka gina tsakanin 2011 da 2015, sun yi shekaru gidaje da yawa a cikinsu babu kowa, saboda farashinsu ya fi ƙarfin masu tsananin buƙata.

Kaduna ba ta da mai dalar Legas, ba ta da kasuwar Kano, sai masu gini suka ɗora lissafinsu a kan makwabtaka da Abuja. Lokacin da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Rigasa da Idu ta Abuja a watan Yulin 2016, a kan layi mai tsawon kilomita 186, mutane da yawa sun hango ma'aikacin da zai ajiye iyalinsa a Kaduna ya riƙa zuwa aiki Abuja, filaye suka tashi, aka zana gidajen bene masu ɗaki huɗu da biyar domin wannan baƙo da ake jira. Sai garkuwa da mutane ta addabi hanyar mota, aka kwashe ɗalibai a kwalejin gandun daji ta Afaka a watan Maris na 2021, aka kwashe na jami'ar Greenfield a watan Afrilu, sannan a ranar 28 ga Maris na 2022 aka kai wa jirgin kansa hari, zirga-zirga ta tsaya har zuwa Disamba. Mai kuɗin da aka yi wa zane ya fasa zuwa, wanda ma yake nan ya ji tsoron kwana a bayan gari. Aka bar kamfanoni da gidajen da ba a yi su domin mutumin Kaduna ba.

Mutumin Kaduna kuwa lissafinsa a fili yake. Mafi ƙarancin albashin da jihar ta amince da shi a 2024 naira dubu 72 ne. Bashin gida mafi sauƙi a ƙasar nan shi ne na Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa, ake kuma ba da rance a kan kashi shida har zuwa shekara talatin. Ko a wannan sauƙin, gidan naira miliyan ashirin zai riƙa cin kusan dubu ɗari da ashirin a kowane wata, na miliyan goma kuma kusan dubu sittin. Wane ƙaramin ma'aikaci ne zai biya wannan ya kuma ciyar da iyali? Balle tela da kafinta da mai shago a Kasuwar Sheikh Gumi, waɗanda ba su da takardar albashin da banki zai duba, ga kuma da yawa daga cikinmu da ba za su taɓa bashi mai ruwa ba saboda addini, alhali hanyoyin da babu ruwa, irin su ijara da murabaha, har yanzu ba su yaɗu a harkar gidaje yadda ya kamata ba, duk da cewa bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗinsa a tarukan masu zuba jari ba, amma kowane dillali ya san shi. Tun bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 da na bayan zaɓen 2011, kogi ya raba garin gida biyu, Musulmi suka fi taruwa a arewa, Kiristoci suka fi taruwa a kudu, a Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi da Gonin Gora. Kafin mai saye ya tambayi farashi, sai ya tambayi ɓangaren da gidan yake. Wato duk rukunin gidajen da aka gina, rabin masu iya saye sun fita daga lissafi tun ba a fara ciniki ba. Sababbin filayen gabashin kogi su ne wurin da aka sa ran za a sake zama a cakuɗe kamar yadda ake yi a Barnawa, saboda babu wanda ya gaji tsoron wurin. Duk shekarar da filayen nan suka ƙara a killace, damar sake haɗa garin ce take raguwa, kuma ni a wurina wannan asara ta fi ta kuɗi ciwo.

Ba a bayan gari kaɗai matsalar take ba. Otal ɗin Durbar, wanda aka gina domin hawan daba na FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977, ya yi shekaru yana kango a tsakiyar gari, shari'a na gudana a kansa tsakanin hukuma da iyalan marigayi Janar Abacha, har aka rushe shi a watan Janairun 2020. A Kakuri kuwa abin ya fi girma. Masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, da ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, Arewa Textiles da Nortex suka biyo baya, masaƙar United Nigerian Textiles (UNTL) ta dakatar da aiki a 2007. Na taso ina jin jiniyar canjin aiki, ina ganin dubban ma'aikata a kan kekuna sun cika titi, don haka na san zafin da mutane ke ji idan aka ambaci taɓa filayen masaƙun, kuma ni ma da za a ce gobe injuna za su tashi da na fi kowa murna. Amma sama da shekara ashirin ke nan ana kafa kwamiti ana yin alkawari, kadada masu yawa da ke kusa da titi da layin dogo da wutar lantarki suna kwance, tsofaffin ma'aikata da yawa sun rasu suna jiran haƙƙinsu. Jihohin Arewa da suka mallaki KTL ya kamata su yanke shawara guda: abin da za a iya farfaɗowa a ware masa wurinsa, sauran a buɗe shi ga ƙananan masana'antu da gidajen ma'aikata, a fara biyan tsofaffin ma'aikata da magadansu daga abin da aka samu. Haka nan titin kewaye na gabas, wanda gwamnatin tarayya ta ba da kwangilarsa tun 2002 kuma aka shafe sama da shekara ashirin ana jan aikin. Filaye da yawa an saye su ne bisa tsammanin wannan titi, masu su kuma sun mayar da rashin kammala shi hujjar ƙin yin gini.

Yanzu a dubi wanda yake ginin a zahiri. Kaduna gari ne da aka tsara tun farkonsa, kuma tsarin da Max Lock, masanin tsara birane ɗan Ingila, ya fitar a 1967 ya hango ta har zuwa 2017, amma mafi yawan unguwannin da suka tashi a shekaru talatin ɗin nan awon igiya ne ya haife su. Manomi ko magada su sayar wa dillali gona, a zo da igiya da turaku a yanka ta hamsin-hamsin, mai unguwa ya sa hannu a takarda, a bar lungun da mota ɗaya ke wucewa da ƙyar, ba a ware wa makaranta ko kasuwa ko maƙabarta ko magudanar ruwa komai ba. Mai saye ya yi fandisho bana, baɗi ya kai linta, ya sayar da babur ko ragon layya ya sa kwano a ɗaki ɗaya, ya toshe taga da buhu ya tare da iyalinsa. Makwabta su yi karo-karo su sayi turakun wuta da taransifoma, su zuba kwalbati, wani mai hali ya haƙa burtsatse ya riƙa sayar da ruwa. Haka Rigasa ta bunƙasa, haka Hayin Ɗanmani da Rafin Guza da Mando da Maraban Rido suka cika. Wannan magini bai taɓa shiga banki neman rance ba, tsadar siminti tana rage masa sauri amma ba ta tsayar da shi, domin kowane kuɗin haya da ya biya yana tuna masa ginin da ke jiransa. Shi ne mai zuba jarin da bai taɓa guduwa ba, kuma abin da ya fi samu daga hukuma shi ne jan fentin rusau a bango. Da yake filin da ke da sauƙi sau da yawa shi ne na bakin kogi da na kwari, shi ne kuma ambaliya ke ci, kamar yadda aka gani a 2003 da 2012.

Gwamnati ba ta rasa makamin gyara ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sanya filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin jama'a, takardar mallaka kuma, wadda yawanci ta shekara 99 ce, tana ɗauke da sharaɗin a gina filin cikin ƙayyadadden lokaci, galibi shekara biyu, wanda ya saɓa kuma ana iya soke takardarsa. Tun da aka kafa KADGIS, hukumar kula da filaye ta jihar, aka mayar da rajistar filaye cikin kwamfuta, sanin wanda ke riƙe da wane fili da shekarar da aka ba shi ya zama aikin 'yan mintuna. Abin da nake ganin ya fi dacewa shi ne a sa zaman fili ya riƙa cin mai shi kuɗi. Duk babban filin da titi da wuta suka riga suka isa gare shi, aka kuma bar shi a killace bayan wa'adi ya cika, a riƙa ɗaga masa kuɗin ƙasa shekara bayan shekara har mai shi ya ga gara ya gina, ko ya haɗa gwiwa da mai ginawa, ko ya sayar. Kamfanin da aka ba fili mai yawa a kan rahusa domin ya gina wa jama'a gidaje, a daina miƙa masa duka a lokaci ɗaya. A ba shi kashi na farko, sai an ga mutane sun tare a ciki a saki na biyu. A kuma wallafa sunayen waɗannan filaye da sharuɗɗansu inda kowa zai gani, domin amana ce aka ba da, masu amanar kuma suna da haƙƙin sanin inda ta kwana.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma yana da gaskiya. Mutanen Kaduna sun sha ɗacin rusau, 'yan Kasuwar Barci da aka rushe musu rumfuna a 2020 ba su manta ba, kuma ikon soke takarda idan ya faɗa hannun marar tsoron Allah sai a ƙwace na bazawara da marayu a miƙa wa ɗan jam'iyya. Saboda haka ne na fifita kuɗin ƙasa a kan ƙwace, kuma dole a bambanta ma'aikacin da ke da fuloti ɗaya yana tara kuɗin bulo da mutumin da ya killace kadada ashirin yana jiran farashi. Na farko a ƙyale shi, a ma taimaka masa. Na biyun a ba shi sanarwa a rubuce, da wa'adi, da damar zuwa kotu. Sannan a tuna da mutanen da aka karɓi gonakinsu tun farko, da yawansu Gbagyi da suka gaji ƙasar kaka da kakanni. Doka tana biyan diyyar amfanin gona da gini ne, ba ta biyan kuɗin ƙasar kanta, don haka manomi yakan karɓi abin da bai taka kara ya karya ba da sunan amfanin jama'a, sannan ya shekara goma yana wucewa ta gefen gonarsa an kewaye ta da bulo, wani yana jiran ta yi tsada. Idan ba a yi abin da aka karɓe ta dominsa ba, babu hujjar shari'a ko ta lamiri da za ta hana a mayar masa da ita ko a ba shi kaso a cikin abin da za a gina.

Babban aikin kuwa shi ne hukuma ta riga igiya isa gona. Kafin dillali ya yanka, gwamnati ta auna, ta fitar da tituna ko da na jar ƙasa ne, ta haƙa magudanai, ta kafa turakun wuta, ta ware wurin makaranta da asibiti da kasuwa da maƙabarta, sannan ta sayar da ƙananan fulotai da takardarsu a kan biya kaɗan-kaɗan, da sharaɗin wanda bai fara gini ba cikin wa'adi ya mayar a ba na bayansa a layi. A ba mutane zane mai sauƙi wanda KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ta riga ta amince da shi, wanda za a iya farawa da ɗaki ɗaya a ƙara sauran a hankali. Kuɗin da za a kashe a gina gida ɗari cikakku zai shirya fulotai masu yawa ninkin haka, ginin kuma masu shi za su yi, kamar yadda suka saba. Gidajen Malali da na Barnawa da na Shagari, waɗanda aka gina wa masu ƙaramin ƙarfi shekaru da dama da suka wuce, shaida ne a kan haka, domin kusan kowannensu mai shi ya ƙara masa ɗakuna da shago da hannunsa, abin da gwamnati ta bayar na asali shi ne wuri mai tsari da titi da takarda.

Saura waɗanda kuɗinsu ya riga ya maƙale, irin ƙanwata. Ya kamata Majalisar Dokokin jiha ta yi dokar da za ta hana kamfani taɓa kuɗin masu saye kai tsaye. A zuba su a wani asusu na daban, a riƙa sakar masa gwargwadon aikin da injiniya mai zaman kansa ya tabbatar an yi. Inda kuma aiki ya riga ya tsaya shekaru, a ba masu sayen damar haɗuwa a ƙungiyar gama-kai, a ƙiyasta abin da kowa ya biya da abin da ke ƙasa, a miƙa musu kangayen da takardunsu su ƙarasa da kansu, kamfani kuma ya riƙe ragowar filin da bai sayar ba. Ranar da na koma na ba su labarin abin da na gani, mijin ƙanwata ya ɗauko takarda ya yi lissafin bandir ɗin kwano da katako da ƙofa biyu da taga uku, ya ɗago ya ce da ni, "Yaya, da za su ba mu kangon nan yadda yake, wallahi kafin wata daminar mun rufa ɗaki ɗaya mun shiga." Shi da sauran waɗanda suka zuba kuɗi sun rubuta wa kamfanin wannan buƙata, sun kai kwafi ga hukuma, kuma har zuwa ranar da nake wannan rubutu suna jiran amsa.